Yankan filaye a Kano: wa zai bar wa hanya da ruwa rabonsu?

Duk wanda ya san gefen birnin Kano, wajen Kumbotso ko Ungogo ko hanyar Gezawa, ya san yadda gona ke zama unguwa. Mai gona ya rasu, magada sun yi yawa, gari kuma ya iso bakin gonar. Sai a kira dillali da mai awo, a zo da igiya ko tef, a kakkafa turaku, a fitar da fulotai ƙafa hamsin-hamsin. A bar ɗan tsakani a ce nan ne layi. Mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, shaidu su sa nasu, dillali ya karɓi la'adarsa. Kafin damina biyu an fara sauke yashi da bulo. Wannan shi ne awon igiya, kuma ta nan ɗimbin talakawan Kano da masu matsakaicin hali suka samu muhallin da suke ciki a yau, daga Kurna da Rimin Kebe zuwa Ɗorayi, Sheka da Gaida.

Akwai kuma yankan da ke zuwa daga sama, da hatimin ofis. Shi ne wanda ake gutsure gefen filin makaranta a jera shaguna, ko a cike kududdufi a fitar da fulotai, ko a rushe tsohon gidan Turawa a Nasarawa mai faɗin eka guda a tayar da gidaje shida ko takwas a gurbinsa. Mutane kan haɗa duk waɗannan su kira su cunkoso, wasu su tsine musu gaba ɗaya, wasu su kare su gaba ɗaya da hujjar cewa jama'a na buƙatar wurin zama. Shi ya sa maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A ganina wani yankan alheri ne ga gari, wani kuma cutar da jikoki ne, kuma abin da ke raba su shi ne abin da aka ware wa jama'a kafin a fara rabon.

Buƙatar gaskiya ce, babu mai musunta ta. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kusan miliyan 2.8 daga cikinsu a ƙananan hukumomi takwas na cikin gari: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, amma jariran wancan lokaci yau su ne ke neman ɗakin aure. Ga waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Arewa maso Gabas, ga waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Zamfara da Katsina. Sannan fili ya zama asusu. Wanda ya samu 'yan kuɗi yana tsoron naira ta narke masa a hannu, sai ya sayi fuloti ya kewaye ya bar shi, shi ya sa za ka ga unguwa ta cika maƙil amma da kangwaye a tsakiyarta, masu neman wurin zama kuma suna ƙara nausawa cikin gonaki.

A takarda dai doka ta tsara komai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da shaidar mallaka a cikin birni, kuma sai da yardarsa ake sayar da fili ko a jinginar da shi. An ma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, don haka gyara ta ba ƙaramin aiki ba ne. Ga hukumar tsara birane, KNUPDA, wadda ya kamata ta amince da kowane zanen unguwa da kowane gini, ga KANGIS mai ajiye bayanan filaye. Tun farkon shekarun 1960 aka zana wa Kano tsarin shekara ashirin, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, na 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare sama da shekara arba'in ke nan, gari kuma ya ninninka.

Amma akwai wani abu a cikin dokar da ke tura mai gona hannun dillali. Idan gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da itatuwa, ba ta darajar ƙasar a kasuwa ba. Manomin da ya ji ƙishin-ƙishin cewa za a yi awon gwamnati a yankinsu ya san idan ya jira zai iya tashi da kuɗin mangwaro da ɗorawa, ko 'yan fulotan da aka ga damar ba shi. Idan ya riga su ya yanka ya sayar, kuɗin duka nasa ne. Ban ga laifin hankalinsa ba. Shi kuma mai saye ya san neman fili ta ofis na buƙatar sanayya da haƙuri da kuɗin zirga-zirga, alhali dillali zai nuna masa fili da safe su gama ciniki kafin la'asar.

Lissafin da ke kan mai gona ba shi da wuya. Fuloti hamsin da hamsin ya kai kimanin murabba'in mita 232. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka bar kashi 10 cikin 100 kawai don lunguna, za a fitar da fulotai 38. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana ba da shawarar a bar wa tituna aƙalla kashi 30, kuma idan aka bi wannan fulotai 30 za a samu. Bambancin fulotai takwas ke nan a kowace hekta, tun ba a zo maganar makaranta da makabarta da asibiti ba. Kuɗin fulotai takwas ɗin nan daga aljihun mai gona zai fita, amfanin hanyar kuma na mutanen da bai ma san su ba ne. Muddin a haka aka bar lissafin, layi zai ci gaba da tsukewa, kuma wa'azi kaɗai ba zai faɗaɗa shi ba.

Ga abin da ya kamata masu tsoron cunkoso su lura da shi a cikin wannan lissafi. A ce kowane gida a cikin talatin ɗin nan mutum bakwai ne, an samu mutum 210 a hekta. Ita hukumar ta Majalisar Ɗinkin Duniya mutum 150 a hekta ta sa a matsayin mafi ƙarancin yawan da unguwa ke buƙata don ta iya ɗaukar nauyin famfo da motar haya da kasuwa. Ashe ana iya barin hanya mai faɗi kuma a zaunar da jama'a da yawa. Ƙaramin fuloti ba shi ne abokin gaba ba. Hasali ma dokar da za ta ce sai babban fuloti za a amince da shi, talaka take kora zuwa inda babu doka sam.

Abin da ake rasawa idan aka hana hanya rabonta, mazauna unguwannin nan sun fi kowa saninsa. Akwai lungun da idan an yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta sha kwana. Mai naƙuda da tsakar dare sai an riƙo ta an tako da ita bakin titi, domin a-daidaita-sahu ba ta shiga. Gobara ta tashi, motar 'yan kwana-kwana ta tsaya can nesa, matasa na miƙa bokiti hannu da hannu. Layin da aka bari ƙafa goma sha biyu, wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa shadda a waje, wani ya ɗora matakala, sai ya koma ƙafa bakwai, ruwan wanke-wanke na bin tsakiyarsa. Addininmu bai bar wannan a sake ba. Hadisi ingantacce ya ce idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, kimanin mita uku da rabi, a zamanin da raƙumi da kayansa ne mafi girman abin da zai wuce. Malaman da ke raba gado suna da hurumin tunatar da magada cewa hanya ma tana da haƙƙi, kuma ina ganin da za su riƙa yin haka a wurin rabon, da an rage ɓarna mai yawa.

Maganar ruwa ta fi ta hanya tsanani, domin kuskurenta ba ya bayyana sai an gama gini. Ruwan Kano a 'yan watanni yake sauka, Agusta ya fi kowane wata, wani lokaci a zubar da na mako guda cikin dare ɗaya. Tsohon birni yana da inda yake kai wannan ruwa. Kududdufan da ke cikin gari da gefen badala ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini da ta ganuwa, suka zama matattarar ruwan sama, su riƙe shi ya tsuma a hankali ya ciyar da rijiyoyi, ragowar ya bi Jakara ya fita. Baturen nan matafiyi Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Waɗanda suka gina garin sun kewaye har da sararin da za su buƙata gaba.

Gaskiya ne kududdufai da yawa sun zama juji, suna wari, suna haifar da sauro, yara na faɗawa su mutu. Wanda ke zaune a bakinsu idan ya ce a cike, yana da hujja. Amma cike kududdufi ba ya rage ruwan da ke sauka, sai dai ya canza masa masauki, kuma masaukin yakan zama ɗakin wanda gidansa ya fi gangare. Kowane rufin kwano da kowace tsakar gida da aka dafe da siminti suna ƙara ruwan da ke gudu a titi maimakon ya shiga ƙasa. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyin ruwa. Idan haka ta samu kasuwar da ke da masu faɗa a ji, sai a auna halin unguwar da babu mai ɗaukar hotonta. Mafita a wurin kududdufi ita ce a yashe shi, a kewaye, a hana zuba shara, a dasa itatuwa a gefe. Idan kuma dole sai an cike, to a fara gina magudanar da za ta ɗauki ruwansa kafin a sayar da ko taku ɗaya.

Akwai kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Unguwannin awon igiya da yawa famfon Tamburawa ko Challawa bai isa gare su ba, sai rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa. Masana lafiya kan ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, ko aƙalla 15. Fuloti hamsin da hamsin gaba ɗayansa mita 15 ne kowane gefe, kuma gado kan raba shi biyu. Ko mai gida ya nisanta rijiyarsa da nasa masan, na maƙwabcinsa na jingine da katanga. A nan ne ƙaramin fuloti ke zama haɗari, kuma maganinsa ruwan famfo ne. Unguwa mai yawan jama'a ita ce ta fi araha a ja mata bututu, idan dai akwai layi miƙaƙƙe da za a binne shi. Ka ga an sake komawa kan hanya.

Sai ƙorafin maƙwabta a unguwannin manya kan ƙara gidaje a tsofaffin manyan filaye, wanda ya kamata a tace shi, a ɗauki na ɗauka. Unguwar Nasarawa Turawa suka tsara wa kansu, da manyan filaye da sarari tsakaninsu da 'yan ƙasa, kamar yadda dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Gwamna Lugga ta tanadi tazarar yadi 440 da ba a gini a cikinta. Eka ɗaya za ta ɗauki fulotai hamsin da hamsin har 17. Iyali guda a kan wannan faɗi, a tsakiyar garin da ya riga ya samu titi da kwata da wuta, ba abin da za a dage a kare ba ne har abada. Ƙara gidaje a irin wannan wuri ya fi cinye gonakin Dawakin Kudu da Gezawa, waɗanda suka shekara ɗaruruwa suna ciyar da birni, jakai na kai musu takin gari suna dawowa da hatsi da itace. Wanda ƙorafinsa shi ne kada masu ƙaramin ƙarfi su matso kusa da shi, ba ni tare da shi.

Amma wanda ya ce taransifomar da aka sa wa gida goma yanzu gida hamsin ke ja, ko an sare maɗaci da darbejiyar da suka fi shekara sittin don a samu wurin ajiye mota, ko burtsatse takwas sun maye gurbin rijiya ɗaya, wannan maganarsa abin saurare ce. A garin da zafin Afrilu ke kai digiri 40, inuwa ba ado ba ce. Haka mai cewa tagar benen maƙwabci na kallon tsakar gidansa inda iyalinsa ke sha'aninsu. Malaman Malikiyya sun daɗe da hana buɗe tagar da ke leƙa gidan wani, bisa ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa. Duk waɗannan sharuɗɗa ne da za a iya gindayawa a takardar izini: ka ƙara gidaje, amma ka biya kuɗin ƙarin wuta da magudana, ka bar kaso kaza na filin babu siminti, ka ɗaga tagogin da ke fuskantar maƙwabci, itacen da ka sare ka dasa madadinsa. Hawa sama ma hanya ce, sai dai tana son sa ido. Benen da ake ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut da ya rufta a watan Agustan 2022 ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar mai gini da son ransa.

Yankan da ba ni da wani uzuri a kansa shi ne na filayen jama'a. Filin makaranta da makabarta da filin idi da jikin badala su ne ɗan abin da magabata suka ware, kuma yawan jama'a ƙara buƙatarsu yake yi. Makarantar da aka gina wa yara ɗari biyar yau tana da dubbai, ita ce ke neman ƙarin fili, ba a rage mata ba. Badalar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda ke jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007 don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya, an cinye ta a wurare da yawa har ba a gane inda ta bi. Kuma akasarin abin da ake ginawa a irin waɗannan wurare shaguna ne, ba gidajen talakawa ba, don haka hujjar ƙarancin muhalli ba ta ma shafe su ba.

Wannan ne ya haifar da rusau na 2023. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf a ranar 29 ga Mayu, aka rushe gini a Filin Sukuwa, da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi. Sabuwar gwamnati ta ce gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba, ɓangaren Ganduje kuma ya ce an bi doka, wasu ayyukan ma haɗin gwiwa ne da 'yan kasuwa. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnati ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake, abin da ya faru a fili yake: gwamnati ɗaya ta ba da takarda, wata ta aiko da katafila, ɗan kasuwa ya yi asarar jarinsa, baitulmalin jama'a ya biya diyya. Tushen matsalar shi ne ikon da ya taru a hannun mutum guda. Da a ce sauya amfanin duk wani filin jama'a sai an sanar a fili, an saurari mutanen unguwa, majalisar dokoki ta amince, da bayarwar ta yi wuya, rushewar ma ba za ta taso ba.

Gina sababbin garuruwa a bayan gari ma an gwada. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a zangon Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu suna da tituna da magudanu yadda ake so, amma gidaje da yawa sun daɗe babu kowa a ciki, domin kuɗinsu ya fi ƙarfin mai neman ɗaki biyu, kuma sun yi nisa da inda yake neman abinci. A daidai wannan lokaci unguwannin awon igiya ba su daina cika ba. Talakan Kano da kansa yake gina gidansa, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Abin da ba zai iya yi wa kansa ba shi ne hanya da kwata da famfo.

Saboda haka nake ganin aikin hukuma shi ne ta riga igiya isa gona, kuma ta shigo da mai gona cikin ribar. A jihar Gujarat ta Indiya, musamman birnin Ahmadabad, akan haɗa gonakin yanki guda a zana su tare, a cire wajen kashi 40 don tituna da makarantu da filayen da hukuma za ta sayar ta yi aiki, a mayar wa kowane mai gona ragowar a matsayin fili mai bakin hanya. Filinsa ya ragu, amma darajarsa ta ƙaru fiye da abin da aka cire, kuma nauyin ya hau kan kowa daidai gwargwado, ba kan wanda titi ya bi ta gonarsa kaɗai ba. Da wannan tsari suka samu filin titin zobe mai tsawon kilomita 76. Kano ba baƙuwar wannan tunani ba ce, tunda an saba ba masu gona wani kaso na fulotai idan an yi awon gwamnati. Abin da ya rage shi ne kason ya zama rubutacce a doka, sananne ga kowa, kuma ya isa hannun mai gonar ba tare da ya bi ta hannun wani ba.

Kafin a kai ga haka akwai matakin da bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. A bi gonakin da gari zai isa nan da shekara goma, a fitar da manyan hanyoyi da hanyoyin ruwa, a kafa musu duwatsu, a dasa itatuwa a jere a gefensu don kowa ya gani, a biya masu gonar tun ƙasar tana da araha. A ba dagatai da masu unguwanni taswirar a hannu, a kuma sanar da su cewa wanda ya sa hannu a cinikin da ya hau kan alamar zai amsa tambaya. A cikin wannan shata, a bar mutane su yanka fulotansu ƙanana yadda ƙarfinsu ya kai, a ba su takarda cikin sauƙi.

Unguwannin da aka riga aka gina su ne masu wuya, domin duk hanyar da za a buɗe a Kurna ko Rimin Kebe yau ta cikin ɗakin wani za ta bi. Nan sai an zauna da mutanen unguwa layi-layi, a zaɓi hanya ɗaya ko biyu da motar asibiti da ta kashe gobara za su iya bi, a biya waɗanda abin ya shafa kafin a taɓa bulo ɗaya, kuma a sama musu wuri a cikin unguwar ko kusa da ita, inda sana'arsu da makarantar 'ya'yansu suke.